Laccar ƙarfe huɗu da ta'alimin Laraba: ina neman shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ina roƙon mai kula da zaure ya ɓoye sunana. Ina aji uku a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'ar tarayya a Arewa, kuma sai da na zauna jarrabawar JAMB sau uku kafin na samu gurbi, a lokacin mahaifina ya riga ya yi ritaya, yayata ce ta sayar da akuyoyinta biyu aka biya kuɗin rajistar farko. Tun ina aji ɗaya 'yan'uwa na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, suka riƙe ni, a ɗakin ɗaya daga cikinsu na kwana wata biyu kafin na samu gado. Bana aka ba ni sakataren reshen tsangayarmu, ni ke buɗe ta'alimin Laraba bayan La'asar, ni ke ɗauko malamin da ke karantarwa. Haka kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu, wadda ke zama duk Asabar da safe.

Wani malaminmu ya mayar da laccarsa Laraba daga ƙarfe huɗu zuwa shida, kuma yana rufe ƙofa da zarar minti goma ya wuce. Cikin lacca tara na rasa huɗu, har da ranar da ya yi gwajin ba-zata mai maki goma. Kwas ɗin mai yunit uku ne. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk zangunan karatu, ya sauko daga 3.62 zuwa 3.31, shekaruna kuma 27. Barci ya gagare ni. Me ya kamata in yi?

Wani tsohon ɗalibi, injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye muƙaman nan biyu a wannan mako, ba sai ka yi dogon tunani ba. Ka'idar da aka sani a jami'o'inmu ita ce ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, kai kuwa biyar cikin tara ko kashi 60 ba ta kai ba. Idan malamin ya ga dama ya bi ka'idar, F za ka samu, kuma F a kwas mai yunit uku sifili ne sau uku a lissafinka. Ka riga ka faɗo ƙasa da 3.50, wato ka bar babban mataki na biyu na darajar digiri. Sannan ka duba shekarunka: wanda ya haura 30 kafin ya gama, takardar yafewa hukumar NYSC ke ba shi, ba ya zuwa hidimar ƙasa. Mu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya cinye wa wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, mun san yadda shekara ke zubewa mutum yana kallo.

Wata malamar makarantar Islamiyya:
Ban yarda da Injiniya ba. Ɗana, mutanen da suka ba ka wurin kwana lokacin da ba ka da kowa ba su cancanci ka yar musu da amana a tsakiyar zango ba. Aikin Allah ba ya tauye mutum, rashin tsari ne ke tauye shi. Ka nemi mataimakinka ya riƙa buɗe zaman, kai ka je bayan lacca.

Wani memba:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne malaman da ke sauya lokacin lacca yadda suka so. A zamaninmu wani ya ƙi zuwa aji tsawon mako shida saboda yana koyarwa a wata jami'ar, sannan ya dawo ya tara mu Asabar da Lahadi tun bakwai na safe, har abokan karatunmu Kiristoci suka rasa sujada sau uku a jere. Da muka kai kuka, cewa aka yi mu yi haƙuri. Har yau idan na tuna C ɗin da ya ba ni raina yakan ɓaci.

Mai neman shawara:
Na gode muku. Sai dai Yaya Injiniya, ba son muƙami ne ya riƙe ni ba. Mataimakin nawa yana aji huɗu, aikin bincikensa ya sha masa kai, kuma malamin ta'alimin dattijo ne da ba ya sakin jiki da kowa sai ni. Laccar kuma ba da gangan nake rasa ta ba. Ana tayar da La'asar a masallacin tsangaya da ƙarfe huɗu, kafin a idar in tako zuwa ɗakin lacca an rufe ƙofa, sai in ga gara in koma wurin karatu da in tsaya a waje.

Tsohon ɗalibin:
To ka ga ka kawo hujjar da ke kayar da kai. Lokacin La'asar a garuruwanmu sau da yawa yana shiga kafin ƙarfe huɗu, saboda haka babu abin da ya hana ku, kai da 'yan ajinku, ku yi jam'inku da wuri a kusa da ɗakin lacca. Salla farilla ce, ta'alimi kuwa idan wasu suka tsaya masa ya sauka daga kanka. An kafa MSSN a Legas tun 1954, ta rayu shekara saba'in ba tare da kai ba, ba kuma za ta rushe ranar da ka miƙa littafin sakatare ba. Na riƙe irin wannan kujera, na san daɗin a riƙa nemanka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ni Kirista ce, kuma na yi shugabancin mata a zumuntar ɗalibai lokacin da nake makaranta. Da addu'armu ta Alhamis ta yi karo da aikin ɗakin gwaji, ranar muka sauya, babu wanda ya sauka. Ɗan'uwa, har yanzu ba ka gaya mana ba: ka taɓa zuwa wurin malamin laccar, ko wakilin ajinku, ko malamin da ke kula da ajin? Kuma me ya hana a mayar da ta'alimin tsakanin Magariba da Isha'i?

Wani memba na daban:
Kada ya kuskura ya je ofishin malamin shi kaɗai. Yanzu sunansa ɗaya ne cikin ɗari da wani abu, ranar da ya je ya yi bayani kuwa an san fuskarsa. Ni haka na yi, na maimaita kwas sau biyu. Kuɗin ƙungiyar garinku ma ka rabu da su, don ma'aji ba ya gamawa lafiya, ni har yau ana bina bashin da ban ci ba.

Mai neman shawara:
Anti, bayan Magariba ba zai yiwu ba, domin yawancin 'yan'uwa mata daga cikin gari suke zuwa, motocin makaranta kuma suna raguwa da yamma. Maganar ma'aji ba ta dame ni ba, awa ɗaya ce a mako. Kuma ina ganin an yi mini mummunar fahimta a kan daɗin kujera, Allah ne shaidata. Ya rage lacca uku kafin jarrabawa.

Tsohon ɗalibin:
Ko ka halarci ukun duka, takwas cikin sha biyu ne, kashi 67. Wannan Larabar ina za ka kasance da ƙarfe huɗu?

Malamar Islamiyya:
Injiniya, ka sassauta masa, shawara ya nema ba shari'a ba.

Mai neman shawara:
Wannan Larabar ce za a rufe littafin da muka fara tun farkon zango, kuma na riga na yi wa malam alkawarin zuwa ɗaukarsa. Zan yi istihara.