Wane irin keji ya dace da baji biyu?

Uwar Biyu, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon tsuntsaye. Shawara nake nema, a yi mini haƙuri da tsawon bayani.

Ƙanen maigidana ne ya dawo daga Kano ran Asabar, ya kawo wa yarona tsarabar tsuntsaye biyu saboda saukar Alƙur'ani da ya yi. Ƙananan aku ne, ɗaya kore da rawaya, ɗaya shuɗi, wai baji ake kiran su. Sun zo a wani ɗan keji mai zagaye kamar an kife kwando, da sanda guda a tsakiya. In ɗaya ya buɗe fiffike sai ya mari ɗan uwansa, jelar shuɗin ma har ta fara yagewa don gogar waya. Ni ban taɓa kiwon komai ba sai kaji, amma ko makaho ya shafa ya san wurin ya yi musu kaɗan.

Abu uku ne a gabana. Akwai tsohon kejin kanari na tukurwa da surukina ya bari, yana rataye a zaure. Akwai wani da na gani a kasuwa, dogo mai hawa uku kamar bene, shi yaron ya nace a saya. Sai kuma mai walda na unguwarmu da ya ce zai haɗa mini da wayar kaji cikin kwana biyu. Wanne zan ɗauka? Kuma ina zan ajiye su, tsakar gida ko falo? Kyanwar maƙwabta tun jiya take sintiri a kan katanga.

Mai Tattabara, Ƙaura Namoda

Wa alaikumus salam Hajiya. Na kanarin nan ki bar shi inda ya ke. Kanari bakinshi na tsintar iri ne, baji kuwa bakin aku gare shi, lanƙwasasshe, aikinshi gwaguya. Shekarun baya anka ba ni guda, na saka shi kejin tukurwa, kwana huɗu munka tashi da asuba sai ɓaraguzai a ƙasa da rami daidai kanshi. Har yau ban sake ganinshi ba. Ki ba mai walda aikin kawai, duk ɗakunan tattabaruna wayar kaji ce.

Ɗan Argungu

Hajiya, Allah ya sa wa saukar albarka, ya raya mana shi. Shekara shida ke nan ina kiwon su, kuma kejin farko da na saya irin benen nan ne, don haka bari in rage miki asara.

Baji asalinsa ɗan Ostareliya ne, can cikin busasshen daji inda suke tashi garke guda suna neman irin ciyawa da ruwa. A 1840 aka fara kai shi Ingila, daga nan ya bazu duniya. Na daji duk kore da rawaya ne, shuɗin da kike gani masu kiwo ne suka fitar da shi. Abin da ya sa na kawo wannan: tsuntsu ne mai tashi a miƙe, daga nan zuwa can, ba ya tashi sama tsaye kamar hayaƙi. Dogon keji siriri ado ne ga mai kallo. Nawa da na saka su a benen, saman kawai suke zama, hawa biyun ƙasa sun zama masai. Wato kuɗin hawa uku na biya, suna zaune a ɗaya.

Faɗi za ki nema. Tsawon tsuntsun da jelarsa wajen santimita 18 ne. Ga guda biyu, kada kejin ya gaza santimita 75 daga hagu zuwa dama, 45 daga gaba zuwa baya, 45 daga ƙasa zuwa sama. A bakin mai walda, ƙafa biyu da rabi, da ƙafa ɗaya da rabi sau biyu. Wannan mafi ƙanƙanta ke nan, in da hali ki kai shi mita guda. Kuma mai kusurwa huɗu, ba mai zagaye ba, domin in sun tsorata lungu suke nema su raɓe, mai zagaye kuwa ba shi da lungu, ga shi wayoyinsa suna matsewa a sama inda farce ko yatsa kan maƙale.

Abu na biyu da mutane ba sa kula da shi, tazarar da ke tsakanin waya da waya. Kada ta wuce milimita 12, rabin inci. Ki tafi kasuwa da rular yaron. In ta fi haka, zai cusa kai ya kasa fitarwa, kuma kafin a ankara ya shaƙe. Ya fi kyau a sami wayoyin da ke kwance a gefe biyu, don suna son hawa da baki da ƙafa. A ƙasa a yi tire mai jawowa, ki shimfiɗa tsohuwar takarda, kullum ki canza.

Ƙofa kuma, in mai zugewa sama ce, ki maƙala mata abin shanya. Wayo gare su, kwana kaɗan za su gane yadda ake ɗaga ta.

Bawan Allah

Ni dai a ganina a sake su su tafi. Tsare tsuntsu a keji ba zalunci ba ne?

Malam na Tudun Wada

Ɗan uwa, malamai sun halatta, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. Sharaɗin a ciyar, a shayar, kada a cutar. Matar da aka yi wa azaba a kan kyanwa, tsarewa ta yi ta hana abinci. Waɗannan kuwa a keji aka ƙyanƙyashe su, in an sake su a Gusau shirwa ce za ta yi kalaci. Tambayar da baiwar Allah ta yi ita ce daidai.

Ma'aikaciyar Lafiyar Dabbobi, Birnin Kebbi

Yaya, duk abin da Ɗan Argungu ya faɗa haka yake. Inda zan saɓa wa Baba Mai Tattabara, da girmamawa, shi ne wayar kaji. Tattabara ba ta tauna waya, baji kuwa yini yake yana lasa yana ciza. Wannan wayar an lulluɓe ta da tutiya, wato ƙarfen zinc, don kada ta yi tsatsa, kuma in ya haɗiye ɓurɓushinta guba ce a jikinsa. Alamun su ne kasala, yawan shan ruwa, amai, zawo, wani lokaci har farfaɗiya. Tsohon fenti mai dalma ma haka, tsatsa ma ba ta da kyau. Mafi aminci ƙarfen da ba ya tsatsa, ko kejin kamfani mai gasasshen fenti wanda ba ya ɓamɓaruwa in kin kankare da farce. In dole sai na mai walda, a nemi raga mai ƙananan murabba'i, a kankare duk ɗigon da ya daskare a mahaɗa, a goge da buroshi da ruwan khal, a ɗauraye, a shanya. Hakan yana rage haɗarin, bai kawar da shi duka ba. Kuma ki hana shi shafa fentin ƙofa a ciki.

Maganar wuri ta fi damuna. Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi ko kaɗan. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin janareta, gawayi, duk a nesanta su. Na san falon Bahaushiya ba ya rabuwa da kasko, to ran da za ki yi turare a fitar da su tukuna. Kada a kai su kicin.

Ki ɗora kejin a kan tebur daidai ƙirjin mutum, bayansa jingine da bango. A Maris da Afrilu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, kada rana ta taɓa kejin. In kin ga ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jiki, zafi ne, ki sa masa ɗan faranti da ruwa ya yi wanka. Da hunturu a rufe gefe uku da zane da dare. Tsakar gida kuwa a'a, ko kyanwa ba ta kai gare su ba, firgita kaɗai kan sa su yi ta dukan waya har su ji rauni, ga ɓeraye masu bin gero.

Mai Tattabara, Ƙaura Namoda

To ɗiyata, na ji, ban san da zancen tutiya ba. Amma sanduna dai kar ta sayi na roba. Ta sa a saro mata reshen gwaiba ko dogon yaro, wanda ba a yi ma feshi ba, wani kaurin ɗan yatsa wani ya ɗan fi, a wanke a shanya. Guda can guda nan, a bar tsakiya fili su tashi. Kuma kar a sa kwanon abinci ƙarƙashin sanda, kin san dalili.

Uwar Biyu, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da la'asar na koma kasuwa da rula, mai shagon yana ta dariya. Benen nan tazarar wayarsa ta kusa santimita 2, faɗinsa ko 35 bai kai ba. A can ƙasan kaya na hango wani fari mai faɗi, 76 da 46, duk ya yi ƙura don ba mai kula shi, har ya fi benen araha. Na kankare fentin da farce bai tashi ba, na ɗauko. Yaron ya kumbura har magariba, sai da ya ga koren ya tashi daga wannan sanda zuwa waccan sannan ya saki fuska.

Saura abu ɗaya. Mai shagon ya haɗo mini da wani ɗan akwatin katako mai rami, wai na ƙwai. In rataya shi yanzu?

Ɗan Argungu

Ki ɓoye shi tukuna. Ganin akwatin ne ke tayar wa mace da sha'awar ƙwai, kuma ƙarama in ta fara da wuri ƙwan kan maƙale mata. Duba fatar da ke saman bakinsu, inda hancin yake: ta baligin namiji shuɗiya ce, ta mace ruwan ƙasa ko fari-fari. Ki ɗauko mana hoto da rana, wataƙila ma duka maza ne.