Don Allah a taimaka min da karɓau biyu na Turanci

Assalamu alaikum malamai. Ƙanwata za ta zauna WAEC bana, ni nake yi mata bitar Turanci da daddare, to mun maƙale a wajen bambance karɓau kai-tsaye da kaikaitaccen karɓau.

Jimla irin “Musa gave the boy a book” ba ta ba mu wahala. Mukan tambaya: me aka bayar? Littafi, shi ne karɓau kai-tsaye. Wa aka ba? Yaro, shi ne kaikaitaccen karɓau. A Hausa ma “wa” ko “ma” kan nuna mana hanya, kamar “na saya wa Audu riga”, amma Turanci yakan jera sunaye biyu kawai ba wata alama.

Inda kaina ya ɗaure shi ne waɗannan: “She made him tea” da “They made him captain”. Siffarsu ɗaya sak. A ta farko zan iya cewa “She made tea for him”, ma'anar ba ta canza ba. A ta biyu kuwa shi ɗin ne kyaftin, juyin ba ya yiwuwa. To “captain” karɓau ne ko cikamako, wato kalmar da ke faɗin abin da mutumin ya zama? Yarinyar ta tsare ni da ido, biro a hannu, ba na so in ba ta amsar da za ta kayar da ita.

Sannan idan aka ce “gave a book to the boy”, har yanzu “the boy” kaikaitaccen karɓau ne? Littattafan da ke hannunmu sun saɓa. Wanne masu duba jarrabawa suke karɓa? Allah ya saka da alheri.