Wi-Fi ya ɓace bayan na saka Ubuntu a HP ɗina

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, sai na goge shi na saka Ubuntu 22.04 (wani tsarin Linux da ake sakawa a madadin Windows) a tsohuwar kwamfutata HP. Komai lafiya, sai dai Wi-Fi, ko alamarsa babu. Aikin kammala karatuna na ciki, hankalina a tashe yake wallahi. Na buga lspci -nn a Terminal (inda ake rubuta umarni), ya nuna katin Wi-Fi ɗina Broadcom BCM43142 ne. Ina mafita?

Mai gyara a Farm Centre: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, katin bai mutu ba. Direban Broadcom, wato manhajar da ke sa katin aiki, ba buɗaɗɗe ba ne, mallakar kamfanin ne, shi ya sa Ubuntu ba ya kunna shi da kansa. Jona wayarki da kebul, ki kunna USB tethering, kwamfutar za ta samu intanet ta nan. Sai ki buga sudo apt update, sannan sudo apt install bcmwl-kernel-source, ki kashe ta ki kunna.

Ɗalibar Samaru: Na yi, Yaya. Ya sauka, amma har yanzu shiru.

Bakatsine: To Secure Boot ne, wato tsarin tsaron da ke toshe manhajar da bai amince da ita ba, ya hana direban tashi. Da kin kunna kwamfutar ki ta danna F10, ki shiga BIOS (saitin asali na kwamfutar) ki kashe Secure Boot ɗin. Idan ya ƙi, buga rfkill list ki turo mana. In kika ga an toshe katin, duba maɓallin da ke da hoton jirgin sama.