Ƙauyenmu ya mutu ne, ko cika ya yi?

Kawu, daga Yamai:
Assalamu alaikum. Na karanta takardar da za ku kai wa magajin gari don neman fanfo na biyu, inda kuka rubuta cewa garinmu ya ƙaru. Ni ban yarda ba. Na je gida bayan girbi, na zauna gindin bedin ƙofar masallaci daga azahar har la'asar, ban ga saurayi mai ƙarfin ɗaukar dami ba. Sahun salla tsofaffi ne da yara. A unguwar maƙera gidaje na rufe, danga ta faɗi, awaki ke kwana ciki. Ci-rani ya cinye garin nan kamar yadda ya cinye ƙauyuka da dama na Adar, yankinmu a jahar Tawa. Kada mu sa hannu kan abin da ba gaskiya ba.

Mushe, malamin makarantar boko, daga lakol ta gari:
Wa alaikumus salam Kawu. Abin da kuka gani haka yake, amma da kun ratso ta lakol da safe. Azuzuwan gini sun cika, muna kafa na zana duk shekara, yara na zaune ƙasa gwiwa da gwiwa. Ba daga sama suka faɗo ba. A ƙidayar 2001 jahar Tawa ba ta kai mutum miliyan 2 ba, a ta 2012 ta wuce miliyan 3.3. Nijar baki ɗaya ta tashi daga mutum miliyan 11 zuwa miliyan 17, kuma mafi yawansu a karkara suke. Ta yaya jaha za ta ƙaru haka, a ce namu garin ne kaɗai ya ragu?

Kawu:
Ɗana, takarda daban, ido daban. Wa ya ce maka masu ƙidayar sun iske mutanen?

Auta, daga Abijan:
Kawu na da hujja a nan, ku yi haƙuri Mushe. Ƙidayar 2012 cikin Disamba aka yi ta, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, maza sun kama hanya. Wanda bai yi wata shida da fita ba ana rubuta shi ɗan gida, wanda ya wuce haka ba ya shiga lissafi. Mu da muka daɗe a nan ba mu cikin adadin garin, alhali mu muke aiko kuɗin hatsi in damina ta yi gardama, mu muka sa kwanon masallaci. Ni dai abin na yi mini ciwo.

Mushe:
Auta, ai maganarka ta ƙarfafa tawa. An cire ku, kuma duk da haka jaha ta ƙaru da mutum sama da miliyan guda. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar yara fiye da 7 a rayuwarta. Namiji ɗaya ya tafi, ya bar mata da ƴaƴa, ya dawo da damina, baɗi a yi suna.

Inna, daga Tawa:
Yaya, ka gafarce ni, amma ka zauna ƙofar masallaci kana ƙirga gari, to mu mata ba mutane ba ne? Da ka je bakin fanfo da asuba. Jarkoki jere tun daga bakin ƙarfen har bayan dangar makwabta, kowace mace ta aje tata da dutse a kai ta koma daka, yarinya na tsaronta. Wata sai rana ta take kafin ta samu cika biyu. Muna ƴan mata rijiya guda ta ishe mu, har da dabbobi. Yau ga rijiya ga fanfo, ana faɗa kan layi.

Kuma ba yau maza suka fara tafiya ba. Bayan farin 1984, da aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita da taimakon Italiya, su wa suka ɗauki duwatsu a ka suna jera su a tudu don tare ruwa? Mata ne suka fi yawa, ana biyansu da abinci. Su suka haƙa ramuka suka dasa itatuwa a fakon da ko ciyawa ba ta fita. A wancan lokacin ma an ce garuruwan yankin sun ƙare. Ga su nan.

Kawu:
Ƙanwata, ban raina mata ba, Allah ya sani. Amma garin da babu maƙeri, babu mai gyaran rijiya, gawa ta faɗi a rasa masu haƙa kabari da rani, me sunansa? Da can ana tafiya a dawo da ruwan farko. Yanzu wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya sai ya shekara uku.

Malam, daga gari:
Kowa ya faɗi abin da ya gani. Akwai abu biyu da ba a ambata ba. Na farko, gidajen da Kawu ya iske rufe, ba duka ne na ƴan ci-rani ba. Wasu sun koma tunga kusa da gonakinsu, don gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yau an raba ta tsakanin jikoki, kowa ya samu tsiri, dole a hau tudu neman fili. Suna can da rumbunansu, amma a hannun mai garinmu suke biyan lanho, wato haraji, nan suke sallar Juma'a, nan suke ɗebo ruwa da amalanke. Garin namu ma haka ya faro, tsofaffi sun ce tunga ce ta mutanen da suka baro wani gari neman gona.

Na biyu, tafiyar maza ta girme mu duka. Zamanin Nasara mutanen Adar sun riƙa gangarawa Sakkwato da Kano neman kuɗin lanho, wasu kuma gudun aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Inda nake tare da Kawu shi ne daɗewar, wannan kam sabon abu ne, kuma matan da aka bari su suka san nauyinsa.

Auta:
To Malam, wane adadi za a sa a takardar? Na littafin mai gari ko na ƙidaya?

Mushe:
Littafin mai gari na masu biyan lanho ne, ba ya nuna ƙananan yara, su kuwa suna shan ruwa. Na ƙidaya ya tsufa, yaran da aka haifa a 2012 sun isa noma. Shawarata mu bi gida gida da kanmu, har tungayen, mu rubuta masu kwana a gari daban, waɗanda ke waje daban.

Kawu:
Na amince da wannan, bisa sharaɗi guda. A yi ƙirgan da rani, kada a jira damina lokacin da kowa ya dawo, kuma a rubuta maza nawa ne tsakanin masu kwana a garin. In kun yi haka zan sa hannu, amma kalmar "ya ƙaru" a cire ta sai an gama.

Inna:
A cire. Ni zan samo matan da za su bi gidajen, don Mushe ba zai shiga ɗakunan kulle ba. Malam, ku sanar da mai gari bayan sallar Juma'a.