Neman kalma: me za mu kira "abseiling" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka. Gobe da ƙarfe 7 na safe zan miƙa fassarar rahoton rediyo kan matasan da ake ba horo a duwatsun Shere, gabas da Jos. Abu biyu suke yi: su hau tsayayyen dutse da hannu da ƙafa, sannan su sauko ta igiya, fuska na kallon dutsen, ƙafafu na tokare da shi. Na biyun ne ya kakare mini. Na rubuta "saukowa daga dutse ta hanyar amfani da igiya", amma sau 9 kalmar ta fito. Numfashin mai karantawa zai ƙare.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Zurawa mana. Haka ake zura mai yasar rijiya.

Ɗan Jos: Baba, a gafarce ni, ba zurawa ba ce. Na yi wannan horon. Mai yasar rijiya wasu ne ke riƙe da shi daga sama, kamar guga. Nan kuwa igiyar a ɗaure take a ƙoƙuwar dutse, ba ta motsi. An ratsa ta cikin wani ƙarfe da ke maƙale a ɗamarar ƙugunka, hannunka na riƙe da ragowarta ta ƙasa. Ka sassauta ka tafi, ka damƙe ka tsaya cak. Kai ne ke sauke kanka. Kalmar da ta ɓoye wannan ta ɓoye abin gaba ɗaya.

Malam Bazazzagi: To ga ta: sulaliya. Daga sulala, yadda zamiya ta fito daga zame. Gaɓa huɗu, ba nauyi a baki. Duk wanda ya tashi kusa da Kufena ya san yadda yara ke sulalowa a kan fa.

Maman Hanan: Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma in na ji "ya sulale" abin da zan fahimta shi ne ya gudu a ɓoye, ko ya faɗi sumamme. Iyayen yaran nan za su ji rahoton fa.

Malam Bazazzagi: Hajiya, kowace kalma da baƙunci take farawa. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin a ƙirƙiro ta?

Ɗan Damagaram: A wajenmu a Nijar wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, "rafel" zai ce, daga Faransanci. Asalin ma'anarta janyo abu ya dawo, don in ratayo igiyar aka yi, ba ɗaure ta ba, in ka sauka sai ka janyo abarka. Ana danganta dabarar da wani jagoran masu hawan dutse na garin Shamoni a Faransa, Jean Charlet-Straton, wanda ya hau dutsen Petit Dru a 1879. Ita kanta kalmar da kuke nema Ingilishi aro ta ya yi daga Jamusanci, "ab" ƙasa, "Seil" igiya. In Bature ya ara bai ji kunya ba, mu me zai hana mu ce absel?

Malam Bazazzagi: Abin da ke damuna ke nan. Kullum aro! Harshen da ke da fa, da tsauni, da falali, da kogo, a ce ya rasa sunan saukowa daga dutse? Mu ne muke rena shi da kanmu.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, mota da kwamfuta ba su rage wa Hausa komai ba. Kuma in an ce Hausa, ba a bakin iyaka ta tsaya ba. Sau da yawa a ƙirƙiri kalma a Kano ko Zariya, mu sai dai mu ji ta a rediyo.

Baban Ummi: Wannan gaskiya ne, kuma abin gyarawa ne.

Mai Fassara: Malamai, don Allah, dare na yi.

Maman Hanan: Ku dubi abin da muke da shi. Sojan da ya diro daga jirgi mukan ce ya yi saukar laima, ba wanda ya taɓa zaton laimar ce ta sauka ita kaɗai. To saukar igiya. Har ta yi daidai da asalin Jamusancin da ɗan'uwanmu ya kawo.

Ɗan Jos: Wannan ta zauna, Hajiya. Na farkon kuma kada a bar shi "hawan dutse" kawai, don wanda ya taka matakalar Dala ma hawan dutse ya yi. Mu ɗafewa muke yi kamar ƙadangare, yatsu na laluben tsaga. A ce hawan ɗafe.

Mai Fassara: Na ɗauki saukar igiya, zan yi mata bayani da jimla ɗaya a farko. Hawan ɗafe kuwa ina tsoron edita, zan sa "hawan tsayayyen dutse" tukuna. Allah ya saka da alheri.

Malam Bazazzagi: Saukar igiya bayani ce, ba suna ba. Amma tunda aiki na jira, a tafi da ita. Ni dai a ajina sulaliya zan ci gaba da cewa.