Zan sauya kamfanin da ke karɓar min kuɗin wata, ya zan yi da katunan iyaye?

Malamar Tajwidi, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina koyar da yara tajwidi ta Zoom, da sijilin maigidana, wato takardar rajistar kasuwancinsa, muka yi rajista. Iyaye 140 ne, kowa riyal 80, ana cira daga katinsa ran 1 ga wata. Kamfanin da muke tare ya ishe ni, kuɗi sai ya kwana tara bai shigo asusu ba, in an kira su sai "ana dubawa". Na buɗe asusu a wani. To katunan za su biyo ni ne, ko sai na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya? Wasu fa ko saƙon WhatsApp sai ya kwana uku ba su buɗe ba.

Ɗan Misfala:
Wa alaikumus salam, Malama. Lambar katin ba ta hannunki. Abin da kike gani wata lambar madadi ce da tsohon kamfanin ya ƙirƙira, a gidansa kaɗai take aiki. Ki rubuta musu a takarda cewa su miƙa bayanan kai tsaye ga sabon, tsakaninsu, bisa ƙa'idar PCI DSS ta tsaron bayanan kati. Kada ki yarda a turo miki su ta imel. Ki kuma tambayi sabon ko yana cirar wata-wata daga katin mada, wato katin bankunan Saudiyya, don shi ne a aljihun yawancin mutanenmu. In tsohon ya ƙi, dole kowane uba ya sake saka kati, banki ya turo masa lambar sirri.

Hajiyar Ruwa, Madina:
Ƙanwata, ki kashe cirar tsohon kafin ki kunna sabon! Ni bara na manta, aka ciri mutum 23 sau biyu dare ɗaya. Da asuba wani dattijo ya kira ni, ko gaisuwa babu, ya ce "Hajiya, rijiyar Zamzam kika sayar min?" Sati biyu ina mayar da kuɗi.

Ɗan Misfala:
Sannan ki mayar da ranar cira 28, tunda albashin gwamnati 27 ga watan Miladiyya yake shiga.

Malamar Tajwidi, Jidda:
Allah ya saka. Amma iyayen nawa direbobi ne da masu shago, nasu sai farkon wata. Zan bar shi a 1. Takardar dai yau maigida zai sa mata hannu.