Kafireto na ambaliyar fetur, allura ce ko fulot?

Assalamu alaikum, iyayen gidana bakanikai. Ina da tsohuwar Peugeot 504 a nan Jos, kafireto ɗinta Solex. Da na tayar da ita sai fetur ya cika kwanon kafireton ya riƙa tsiyaya ta sama, salansa na baƙin hayaƙi, fulogi duk sun jiƙe. In ta ɗan tsaya da zafinta kuwa, tashi sai da turi.

Na sayo sabuwar allura (mai toshe shigar fetur cikin kwanon) da mazauninta a kasuwar Dilimi, an wanke kwanon tas. Mun kife murfin mun hura da baki, iska ba ta wucewa, amma aka ɗaura yoyon ya dawo. Bakanikena ya ce famfon lantarkin da aka sa wa motar ne ya fi ƙarfin allurar. Ni fulot nake zargi, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin kwanon yana tura allurar ta rufe. Yaya zan tantance kafin in ƙara kashe kuɗi?